Makango: ƙauyen da ke rayuwa da tsohuwar hanyar Salaga

A ƙarshen shekarar 2017 gwamnatin Gana ta rufe gadar Buipe da ta Yapei domin gyara. Gadojin nan biyu, ɗaya a kan Baƙin Volta ɗaya a kan Farin Volta, su ne ke ɗauke da babbar hanyar Kumasi zuwa Tamale, wadda ta zarce Bolga da Paga ta shiga Burkina Faso. Da aka rufe su na wasu makonni, sai aka nuna wa masu motoci inda za su bi. Ko dai su yi yamma ta Wenchi da Bole da Wa, ko su yi gabas ta Nkwanta da Bimbilla da Yendi, ko kuma su bi ta tsakiya: Mampong, Ejura, Atebubu, Yeji, su hau pantun, wato jirgin fito mai ɗaukar motoci, su ƙetare tafkin Volta, su sauka a Makango, daga nan Salaga sai Tamale.

Ga wanda ya tashi daga Kumasi, ta tsakiyar ce ta fi kusa, don haka jama'a suka kwarara can. Mu mutanen zangon Kumasi mun ji labarin tun da ɗuminsa, domin da yawa daga direbobin manyan lorin da ke jigilar shanu da albasa da hatsi 'yan Aboabo ne da Asawase da Sabon Zango. Layin motoci ya miƙe a gaɓa biyu, na Yeji na kallon arewa, na Makango na kallon kudu, direbobi da yaransu suna shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota suna jiran layi ya zo kansu. Jirgin da aka tanada don ƙauyukan bakin ruwa da 'yan kasuwar mako, shi aka ɗora wa zirga-zirgar rabin ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a makonnin nan ne kowa ya ga cewa hanyar da Gana za ta koma wa in babbar ta samu matsala ta rataya ne a kan mashigi guda, a wani ƙauye da yawancin masu mulki ba su taɓa taka shi ba.

Da aka buɗe gadojin, motoci suka koma inda suka saba. Makango ta koma yadda take. Abin da ya kamata a bincika shi ne yadda wannan ƙauye ya samu kansa a haka, da kuma wanda ke ɗaukar asarar zamansa a haka kullum, ba sai ran da aka rufe gada ba.

Wurin da abin da ke kewaye da shi

Daga Kumasi ana fita ne ta Tafo da Pankrono, a haura tudun Mampong mai lanƙwasa, a gangara cikin gonakin masarar Ejura. Daga nan kurmi ya fara ja da baya, ƙasa ta buɗe, kunyoyin doya sun jeru dama da hagu har Amantin da Atebubu. Sai Prang, garin marigayi Shehu Abdullahi Maikano, inda dubban mutanenmu ke zuwa taro kowace shekara. Yawancin 'yan zango iyakarsu ke nan a wannan hanya. In an shafa fatiha sai a juyo gida. Amma kwalta ta ci gaba kaɗan har Yeji, kilomita 200 da 'yan kai daga Kumasi, kuma a nan ta ƙare a bakin ruwa.

Makango tana can ƙetare, a ƙasar Gwanja. Pantun kan yi kusan awa guda kafin ya kai, kwalekwale mai inji ya fi shi sauri. Ƙauyen ba shi da faɗi. Hanya ce guda ta gangaro zuwa ruwa, rumfuna a gefenta, bayan rumfunan gidaje, can gefe kuma murhunan banda suna hayaƙi, an baza taru a ƙasa ana ɗinke inda ya yage. Gwanjawa ne masu ƙasa. Masunta kuwa akasarinsu daga kudu kakanninsu suka hauro bayan tafki ya cika, Ewe da mutanen Ada da wasunsu. A ƙauyukan da ke cikin daji akwai Konkomba manoman doya, akwai Fulani da shanunsu. Duk waɗannan in sun haɗu a bakin ruwa, cinikinsu da Hausa ne ko da Tonanci, harshen mutanen Asante, kuma Bahaushen Kumasi ba zai nemi tafinta ba.

Wanda yake son ya fahimci garin, ya tsaya ya kalli isowar pantun. Tun jirgin yana ɗigo a tsakiyar ruwa ake tashi. Mai suyar kifi ta ƙara wuta, mai doya soyayya ta jawo tire, yaran mota su cire duwatsun da suka tokare tayoyi. Jirgi ya sauke bakinsa a kan gangara, wani lokaci a kan siminti, wani lokaci a kan tsakuwa da laka, gwargwadon inda ruwa ya tsaya a watan. Lori mai lodin doya ta taho a hankali, yaro yana gabanta yana tafiya da baya yana ɗaga hannu, yana cewa, "Maigida, dama kaɗan, dama kaɗan, tsaya!" In tayar baya ta zame daga kan katakon da aka shimfiɗa, kowa ya san yau an yini. Babura da aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, su cusa kansu a duk ratar da ta rage, mata da kwanduna a ka su bi ta tsakanin motoci. Cikin ɗan lokaci an gama, jirgi ya ja baya, bakin ruwa ya yi tsit. Cinikin ranar mutane da yawa a cikin wannan ɗan lokacin yake.

Daga Makango zuwa Salaga tafiyar ba ta kai kilomita 40 ba, daga Salaga zuwa Tamale kuma wajen 120. A Salaga ne alamomin tarihi suka taru. Ga filin tsohuwar kasuwa inda aka sayar da goro da kanwa da shanu, aka kuma sayar da mutane. Ga rijiyoyin da aka haƙa birjik, har ake yi wa garin kirari da mai rijiya dubu. A bayan gari akwai Wankan Bayi, inda ake wanke waɗanda aka kamo kafin a kai su kasuwa, da Rafin Angulu, inda ake yar da gawar wanda bai kai labari ba. Sunayen nan da bakin kakanninmu aka raɗa su, kuma ba na ganin ya dace ɗan zango ya je can ya tsaya kamar baƙon da abin bai shafa ba. Arzikin da ya gina Salaga akwai na halal a ciki, akwai kuma hawayen bayin Allah da aka raba da iyayensu. Ɗan gaba kaɗan da Salaga akwai Kpembe, mazaunin sarautar Kpembewura, wanda ƙasar nan duka take ƙarƙashinsa. A yamma, a bakin ruwa, akwai Kafaba, tsohon mashigin fatake. A gabas kogin Daka ne.

Yadda hanyar ta rasa matafiyanta

Tun tsakiyar ƙarni na 18 gabashin Gwanja ya shiga ƙarƙashin ikon Asante. Goro a kurmin Tonawa yake, wato mutanen Asante, masu cinsa kuwa suna ƙasar Hausa da Barno, kuma bayan jihadin 1804 buƙatarsa ta ƙaru ƙwarai. Sarakunan Kumasi ba su bar fatake su shigo kurmi su saya da kansu ba, sai aka mai da Salaga mahaɗa. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato da madugunsa da jakunansa, ya ratsa Borgu, ya biyo ta Sansanne Mango da Yendi, ya sauka a gidan maigidansa a Salaga bayan watanni. Tonawa kuma su hauro da goro a ka, su ƙetare Volta a mashigai irin su Yeji da Kafaba. Abin da Bahaushe ke nufi ke nan in ya ce fataucin Gwanja. Ƙauyukan da ke tsakanin kogi da Salaga a wannan zirga-zirga suke ci: mai fito ya samu, mai abinci ta samu, mai masauki ya samu.

A 1874 sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Gabashin Gwanja ya yi amfani da damar ya ɓalle, Asante kuma ta rama da hana goro zuwa Salaga, ciniki ya karkata Kintampo da Atebubu da Krachi. A 1892 rikicin sarauta tsakanin gidajen Kpembe ya zama yaƙi, Salaga ta watse. Malamai da attajirai suka bazu. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya koma Kete-Krachi inda ya zauna har rasuwarsa a 1934. Wasu suka yi Yeji, wasu Kintampo, wasu Accra, wasu kuma daga baya suka gangaro Kumasi bayan Turawa sun kama Prempeh, sarkin Asante, a 1896, zango ya fara cika. Gidaje da yawa a unguwanninmu, in ka bi salsalarsu, sai ka bi ta Salaga kafin ka isa Kano ko Katsina. Da jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, goro ya samu wata hanyar, ta teku zuwa Legas, jaki ya rage aiki.

Duk da haka hanyar ba ta mutu ba. Titin mota da Turawan mulkin mallaka suka yi daga Kumasi zuwa Tamale ta Yeji da Salaga ya bi, ana ƙetare kogin da ɗan jirgin fito, domin a lokacin kogi ne mai gaɓa biyu kusa da juna. Duk motar da za ta arewa sai ta bi ta nan.

Abin da ya yanke ta shi ne madatsar Akosombo. An fara ginin a 1961, ruwa ya fara taruwa a 1964, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966. Tafkin da ya samu ya kai murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutane wajen 80,000 daga ƙauyuka fiye da 700, aka tara su a sababbin matsugunai 52. Tsohon garin Kete, inda Alhaji Umaru ya karantar, yana ƙarƙashin ruwa yau. A Yeji kogi ya zama abin da ido da ƙyar yake hango ƙarshensa. Sai aka karkatar da babbar hanyar arewa ta Techiman da Kintampo, ta haye gadojin Buipe da Yapei. Ba wanda ya zauna ya ce a kashe Salaga da ƙauyukanta. Wuta ake nema wa ƙasa da masana'antar alminiyon a Tema, kuma an samu. Amma lantarkin ya yi kudu, ruwan ya kwanta a kan gonakin mutanen nan da hanyarsu, kuma tun daga ranar Makango ta zama wurin jira.

Wanda ke ɗaukar asarar

Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da ta daɗe tana sarin doya daga ƙauyukan bayan Salaga tana kawowa Kumasi. Lissafinta ya fi duk wani bayani nuna yadda abin yake. Doya da ƙwarya ake saye, wato ɗari-ɗari. Ita ta fi son puna da laribako, domin su mutanen Kumasi ke nema, su ne masu daɗi, su ne kuma ba sa jure ajiya. Ran da aka yi lodi a gona, ranar agogo ya fara bugawa. In lori ta iso Makango ta tarar jirgi ya tashi, ko layi ya yi tsawo, ko inji ya samu matsala ana jiran kayan gyara, doyar tana nan a tule cikin rana, ta ƙasa tana ɗaukar zafi, wadda ta ƙuje wajen lodi ta fara ruɓa tana shafa wa maƙwabciyarta. Direba ya zo ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ko mu zaga ta Tamale?" Ita kuma ta san abin da zagayen yake nufi: a koma Salaga, a haura Tamale, a juyo ta Yapei da Buipe da Kintampo da Techiman, kuɗin mai ya ninka, ribar tafiyar ta tafi a tanki. Sai ta ce, "A'a, ɗana, mu ƙara haƙuri zuwa safe."

Hajiya ba ta yin asarar nan ita kaɗai, kuma wannan shi ne abin da ba a cika faɗa ba. Tun a gona take cire ta. In za ta yi tayi, tana sa kwanan bakin ruwa da doyar da za ta lalace a cikin lissafi, don haka manomin da ke ƙetaren tafki yana karɓar ƙasa da abin da takwaransa na Atebubu ke karɓa a kan doya iri ɗaya. Ba mugunta ba ce, in ba ta yi haka ba jarinta ne zai karye. Manomin kuwa ba shi da zaɓi, domin masu saye da ke yarda su ƙetaro ba su da yawa. Haka abin yake ga mai gawayi da mai gyaɗa da mai garin rogo. Kaya kuma in za su hauro, siminti ne ko kwanon rufi ko taki, sun fi tsada kafin su iso. Mutumin Makango yana sayarwa da araha yana saye da tsada, duk saboda ruwan da ke gabansa.

Wanda ba zai iya jiran pantun ba sai ya shiga kwalekwale, kuma a nan ne asarar ke tashi daga dukiya ta koma rai. Lokacin da tafki zai cika ba a sare dajin ba, itatuwa suka nutse a tsaye. Har yau kututturansu suna nan, wasu sun leƙo, wasu suna ɗan ƙasa da fuskar ruwa inda matuƙi ba ya gani. Ruwan tafkin kuma ba ya zama wuri guda. A Akosombo ana aiki da shi ne in tsayinsa yana tsakanin ƙafa 240 da 278, kuma duk ƙafar da ya sauka ko ya hau tana canja inda haɗari yake, tana kuma matsar da gaɓar da jirgi zai tsaya. Ƙara da lodin da ya wuce kima ranar kasuwar Yeji, mutane da buhuna da awaki a jirgi guda, da iskar hadari da kan taso farat ɗaya a farkon damina, da hazon hunturu da ke rufe gaɓa, da ƙarancin rigar ceto. Tafkin Volta ya ci mutane da yawa a haka. Hukumar kula da sufurin ruwa ta ƙasa ta sa an cire dubban kututture a mashigin Yeji zuwa Makango da wasu mashigai, kuma aiki ne da ya cancanci yabo, sai dai ƙauyukan da ke gefe, waɗanda ba su kan wannan layi, har yanzu a cikin itatuwa suke tuƙi. Mace mai naƙuda da dare a irin waɗannan ƙauyuka, danginta ne ke zaɓa mata tsakanin ruwa da doguwar hanyar babur.

Kututturan nan su ne kuma ke kama tarun masunta, kuma yara ƙanana ake turawa su nutsa su kwance. Dokar yara ta 1998 ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari, dokar 2005 ta haramta fataucin mutane, amma yankin Yeji ya yi suna da wannan matsala. A ƙasar da ke da Wankan Bayi, bai kamata a ce har yanzu ana karɓar kuɗi a miƙa yaro ga wanda zai kai shi ruwa ba. Mu da muke sayen bandar Yeji a kasuwannin Kumasi muna da haƙƙin tambayar wanda ya kamo ta.

A ganina tushen matsalar shi ne mashigin ba shi da uba guda. Tafkin iyaka ne. Kafin 2019 Yeji tana jihar Brong Ahafo, Makango tana jihar Arewa. Bayan an ƙirƙiro sababbin jihohi, Yeji ta faɗa Bono ta Gabas mai hedikwata a Techiman, Makango ta faɗa Savannah mai hedikwata a Damongo. Mutumin Makango da ke da buƙata a Damongo sai ya haura Salaga, ya ratsa Tamale da ke wata jihar, sannan ya yi yamma. Majalisar gundumar Pru ta Gabas tana kallon gaɓarta, ta Gwanja ta Gabas tana kallon tata. Titi na ma'aikatar hanyoyi ne, jirgi na masu jirgi ne, tsayin ruwa kuma a Akosombo ake yanke shi bisa buƙatar wuta. Kowa yana riƙe da guntu, babu wanda za a kama a ce masa tafiyar Kumasi zuwa Salaga gaba ɗayanta a wuyanka take. Kuma da yake ƙuri'un ƙauyukan bakin ruwa ba su da yawa, ba su da mai buga musu tebur.

Akan yi maganar gada, kuma ba na ƙin ta. Amma gada a kan ruwa mai wannan faɗi aikin shekaru ne da kuɗi masu nauyi, kuma jiran ta bai kamata ya hana abin da za a iya yi bana ba. Abin da Hajiya da direbanta ke nema bai kai haka ba. Suna son jirgi ya zama yana da lokacin da aka sani, a rubuce, wanda mutum zai ji ta waya tun yana gona kafin ya yi lodi. Suna son a samu na biyu a ajiye, yadda in ɗaya ya tsaya hanya ba za ta tsaya ba. Gangarar sauka a zuba mata kankare mai tsawo har cikin ruwa, ta yi aiki ko tafki ya cika ko ya janye. A Makango a yi rumfa mai inuwa da iska inda doya za ta kwana ba a cikin lori ba, da makewayi da ruwan sha don matafiya. Masu kwalekwale kuma a ƙidaya musu fasinja a bakin gaɓa, kowa da rigarsa, kafin a kunna inji.

Akwai kason da ya rage namu. Ƙungiyoyin direbobi da na masu doya da na masu shanu a Kumasi suna da baki, ana jin su in sun yi magana a kan kuɗin tasha ko shingayen hanya. Sarakunan zango suna zama da manyan gwamnati. In waɗannan suka haɗa takarda guda da Kpembewura da sarkin Yeji da 'yan majalisar gaɓa biyu, suka nemi a ɗauki Atebubu zuwa Yeji zuwa Makango zuwa Salaga a matsayin hanya ɗaya mai kasafi ɗaya, magana ce da za ta shiga kunne. Makarantun Islamiyyarmu da ke kai ɗalibai yawon buɗe ido duk ƙarshen zango, su ma suna iya sa Salaga a jerinsu: a kwana a Prang, a yi sammakon pantun, a karya kumallo a Makango, a isa Wankan Bayi kafin azahar, a kai gaisuwa Kpembe. Gadojin Buipe da Yapei kuwa tun shekarun 1960 suke ɗauke da manyan motoci, kuma duk ran da aka sake rufe su domin gyara, ta Makango za a sake cewa a bi.